Shin majuyin haske na kan cip zai kori rauta da ROADM?

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce shekara huɗu ke nan kana aikin kula da layukan fayiba, kuma kana ta jin labarin wani majuyin haske da ake ginawa a kan guntun silikon, wato cip, wanda aka ce zai riƙa karkatar da haske daga wannan zare zuwa wancan ba tare da an mayar da shi lantarki ba. Kana son ka san yadda yake aiki, ko zai kori rauta da ROADM ɗin da kuke amfani da su, wato na'urar da ke rabon bayanai bisa adireshi da wadda ke sauke haske ko loda shi ko wucewa da shi a tasha, da kuma ko ya dace ka shawarci na gaba da kai su dakata da sayen kaya har ya fito.

Rauta dai tana nan, ba inda za ta je. ROADM kuwa cip ya riga ya shiga cikinta ta ƙofar baya, kuma zai ci gaba da cin sassanta ɗaya bayan ɗaya. Batun dakatawa kuma, kada ku dakata. Dalilan suna da ɗan tsawo, kuma kusan dukansu suna komawa ga lamba guda da ka riga ka sani daga mitar da ke cikin jakarka: dB (ma'aunin raguwar ƙarfin haske) nawa haske ya yi asara tsakanin zaren da ya shigo da zaren da ya fita.

Mu fara da abin da ya sa ake neman majuyin tun farko. Tun da Charles Kao da George Hockham suka nuna a 1966 cewa dauɗar da ke cikin gilashi ce ke cinye haske, kuma kamfanin Corning ya fitar da zare mai asarar ƙasa da dB 20 a kowace kilomita a 1970, aikin jigilar haske ya yi ta sauƙi. Yau zare mai kyau yana asarar wajen dB 0.2 a kilomita idan hasken yana kan nanomita 1550. A 1987 aka samu amfilifaya mai sinadarin erbiyom, wadda ke ƙara wa haske ƙarfi yana matsayinsa na haske, sai ya zama ana iya cusa launuka da dama, wato haske mai tsawon igiya daban-daban, a zare ɗaya a ƙarfafa su baki ɗaya. A zangon da ake kira C, tsakanin nanomita 1530 da 1565 da ɗan abin da ke gefensu, ana jera launi har 96 idan an ba kowanne gigahaz 50.

Tafiya a kan hanya ke nan ta warware. Wahalar tana mahaɗa. A tsohon tsari, duk hasken da ya iso tasha sai an sauke shi, an mayar da shi lantarki, na'ura ta duba shi, sannan wata leza ta sake mayar da shi haske. Ka ɗauka jirgin ƙasa ne ya iso mahaɗa, aka sauke kayan kowane tarago, aka duba, aka sake lodawa a wani jirgin, alhali yawancin kayan wucewa kawai za su yi. Kowace saukewa tana cin wuta, tana buƙatar leza da na'urar karɓa, kuma ranar da kuka tashi daga gigabit 100 zuwa 400 sai an canja kayan tashar duka. Majuyin haske shi ne ƙarfen da ke karkatar da layin dogo. Bai damu da abin da ke cikin tarago ba. Yau ka tura masa gigabit 100, gobe 800, aikinsa ɗaya ne.

ROADM ɗinku ma majuyin haske ce, sai dai ba a kan cip take ba. A cikin akwatin WSS, wato sashenta mai zaɓen launi ya juya shi, haske yana fita daga zare ya shiga sarari, wani gilashi mai zane-zane ya warwatsa shi launi-launi, launukan su faɗa a kan wani allo mai ƙananan ɗigo da yawa da ake kira LCoS, allon ya karkatar da kowane launi zuwa ƙofar da aka umarce shi. Wannan allon ne ya sa aka iya barin tsarin gigahaz 50 mai tsauri. Da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta sabunta ƙa'idarta ta G.694.1 a 2012, sai aka ba da damar yanka zango da ma'aunin gigahaz 12.5, ka ba mai gigabit 400 gigahaz 75, ka ba wanda ya fi shi abin da ya ishe shi. Akwai kuma majuyi mai ƙananan madubai masu motsi, irin wanda Lucent ta sanar a 1999 da sunan LambdaRouter. Duk waɗannan suna aiki da kyau. Aibinsu shi ne gilasai ne da madubai da ake jerawa a saita su ɗaya-ɗaya, suna da girma, suna da tsada, kuma juyinsu na milisakan ne ko fiye.

Burin masu cip shi ne a buga wannan aikin a kan faifan silikon kamar yadda ake buga ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗaruruwa a lokaci guda.

Ga yadda ake yi. Ana sassaƙa wata siririyar magudana ta silikon, kaurinta nanomita 220, faɗinta wajen 450 zuwa 500, a lulluɓe ta da gilashi. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba ta kai ba. Ma'aunin lanƙwasa haske na silikon kusan 3.5 ne, na gilashin da ke kewaye da shi kuwa kusan 1.44. Wannan tazara mai yawa ita ke tsare haske a cikin magudanar har ya iya shan kwana mai faɗin 'yan maikromita bai tsere ba. Zaren da kake riƙewa, in ka naɗe shi a yatsa ka san yadda mita ke faɗuwa. Silikon ba ya wannan ƙorafin, shi ya sa ake iya cusa dubban sassa a fili kaɗan.

Tubalin da aka fi gini da shi tsoho ne, sunan Ludwig Zehnder da Ludwig Mach yake ɗauke da shi tun 1891 da 1892. Haske ya shigo ta magudana ɗaya, a raba shi gida biyu daidai, kowane rabi ya bi nasa hannun, sannan a sake haɗa su a gaban ƙofa biyu. Haske igiya ce mai tudu da kwari. Idan rabin nan biyu suka iso kafaɗa da kafaɗa, sai su haɗu su fita ta ƙofa ɗaya, a ɗaya ƙofar kuma su kashe juna. Idan ka jinkirta ɗayansu da rabin tsawon igiyar, tudun wannan ya faɗa a kwarin wancan, sai lamarin ya juye, hasken ya koma ɗaya ƙofar. Babu abin da ya motsa. Jinkirin da bai kai maikromita ɗaya ba ne ya sauya wa terabit da yawa hanya.

To da me ake jinkirtawa? Hanya mafi sauƙi ita ce zafi. Ana shimfiɗa ɗan siririn ƙarfe a saman hannu ɗaya, a tura masa wuta ya ɗumama. Ma'aunin silikon yana ƙaruwa da kusan 0.00018 a kowane digiri. In ka yi lissafi za ka ga hita mai tsawon maikromita 100 tana buƙatar ɗaga zafin wurin da digiri 40 ko kusa da haka kafin a samu jinkirin rabin tsawon igiyar. Tana yin hakan a cikin maikrosakan goma ko ashirin, tana cin miliwat goma-sha zuwa ashirin da wani abu, sai in an ƙwaƙule ƙarƙashinta don kada zafi ya tsere, a nan cin wuta ya ragu amma sauri ma ya ragu. Hanya ta biyu ita ce a cusa wa magudanar lantarki kai tsaye, bisa abin da Richard Soref da Brian Bennett suka auna a 1987. Wannan na nanosakan ne. Sai dai lantarkin da ke sauya ma'aunin shi ne kuma ke shan hasken, don haka hannu ɗaya yakan fito da rauni, kashe junan ba ya cika, haske ya riƙa yoyo ta ƙofar da ba a so.

Akwai wani tubalin, zobe. Ana ajiye ƙaramar da'ira kusa da magudana, launin da ya dace da kewayenta ne kaɗai ke shiga ya zagaya ya fita ta wani gefen, sauran su wuce abinsu. Abin sha'awa ne ƙwarai, domin a tubali ɗaya ka samu tacewa da juyawa. Amma zoben silikon yana gusawa da kusan gigahaz 10 a kowane digiri. A jerin gigahaz 50, zafin digiri biyar ya isa ya kai ka gidan maƙwabci. Kuskuren nanomita ɗaya wajen sassaƙa ma yana iya gusar da shi da gigahaz kusan 100. Saboda haka kowane zobe sai da hitarsa da mai gadinsa da ke sa masa ido dare da rana.

Tubali ɗaya ƙofa biyu yake da ita a shiga, biyu a fita. Kai kuwa kana son 32 ko 64. Nan ake komawa ga ilimin da masu wayar tarho suka bari, na Charles Clos a 1953 da na Václav Beneš a shekarun 1960, dukansu a Bell Labs. A tsarin Beneš, majuyi mai ƙofa 32 yana buƙatar sahu 9, kowane sahu tubali 16, jimla 144. Ya yi arha. Amma kowane haske sai ya ratsa tubali 9, ya tsallake magudanai da dama da suka gitta masa, kuma a cikin kowane tubali yana iya haɗuwa da hasken wani. Wani lokaci kuma in za ka buɗe sabuwar hanya sai ka taɓa waɗanda ke aiki, abin da mai kula da layi ba ya son ji. Masu bincike na cibiyar AIST a Japan sun ɗauki wani tsarin da ba ya taɓa hanyar kowa, kuma kowace hanya asararta daidai da ta 'yar'uwarta. Kuɗinsa shi ne tubali 32 sau 32, wato 1024. Sun nuna shi a 2015, bayan 'yan shekaru kuma suka sauko da asararsa zuwa kusan dB 11 daga zare zuwa zare.

Ka tsaya a kan wannan lambar. Aiki ne na gwanaye, ina girmama shi. Amma dB 10 na nufin kashi ɗaya cikin goma na hasken ne ya fita. Daidai yake da ka ƙara wa layinka kilomita hamsin. Majuyi mai madubai kuwa, wanda ƙofofinsa suka haura ɗari, yana wucewa da wajen dB 2. Wannan gibin shi ne labarin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da takardun talla ba sa son a daɗe a kai.

Daga ina asarar take fitowa? Kashi na farko daga magudanar kanta. Gefenta ba ya taɓa fita sumul, kuma da yake hasken a matse yake, kowane ɗan kaushi sai ya watsar da wani abu. Magudanar silikon ta yau da kullum tana asarar dB 1 zuwa 2 a santimita. A santimita, ba a kilomita ba. Santimita ɗaya a kan cip ya cinye abin da zare zai ci a kilomita biyar zuwa goma. Kashi na biyu daga tubala da magittai, kowanne ya ɗan gutsura. Kashi na uku, wanda ya fi ba mutane wahala, shi ne bakin ƙofa. Hasken da ke cikin zare faɗinsa kusan maikromita 10 ne, magudanar kuwa rabin maikromita. Kana ɗura ruwan babban bututu ne a cikin allura, sau biyu, a shiga da a fita.

Na daɗe a gaban teburin gwaji ina wannan aikin, kuma har yau ina tuna yadda yake. Cip yana kwance a kan ɗan dandamali mai riƙe zafi, zare yana maƙale a hannun da ake murzawa da ƙananan maɓallai, kai kuma ido ɗaya a madubin ƙara girma, ɗaya a mita. Ka murza kaɗan, lamba ta hau. Ka ƙara, ta zube kamar an yanke waya. Ka dawo baya da abin da yatsa da ƙyar yake ji, ta dawo. In wani ya buɗe ƙofar ɗakin, iska ta canja, sai ka ga lambar tana rawa. Bayan ka samu tsakiya sai ka ɗiga gam, ka haska masa fitilar da ke busar da shi, kana kallo gam ɗin yana tsukewa yana jan zaren gefe da ɗan abin da ya isa ya mayar da kai baya. Zare ɗaya ke nan. Majuyi mai ƙofa 32 yana da 64. A masana'anta inji ne ke yi, kuma jeri-jeri ake manna su, amma matsalar ita ce dai, shi ya sa sau da yawa kuɗin haɗa cip da zaruruwa da wayoyinsa yakan fi kuɗin cip ɗin kansa.

Wayoyin ma wani dutse ne. Tubali 1024 na nufin hita sama da dubu, kowacce da wayarta da ma'aunin wutarta, domin babu tubali biyu da suka fito daga masana'anta daidai wa daida. Sai an bi su ɗaya-ɗaya an gano wutar da ke buɗe kowanne da wadda ke rufe shi, a rubuta a jadawali. Zafin wannan kuma yana tsallakawa ya taɓa na kusa da shi.

Sai batun da sababbin shiga suka fi mantawa da shi. Haske yana kaɗawa ta fuska biyu, a tsaye da a kwance, kuma na'urorin zamani na nesa suna loda bayanai a kan duka biyun. Zare mai da'ira ne, bai bambanta su ba. Magudanar silikon kuwa faɗinta ya ninka kaurinta, don haka kowace fuska daban take gani. Maganin da aka saba shi ne a raba fuskokin a bakin ƙofa, a juya ɗaya ta koma kamar ɗayar, a bi da su ta majuyi biyu masu kama da juna, a sake haɗawa a fita. Ka ga an ninka komai. Duk wanda ya nuna maka sakamakon cip, ka tambaye shi ko da fuska ɗaya ya auna.

Yoyo kuma ya fi asara sharri. Asara kana iya rama ta da amfilifaya, ko da za ta ƙara maka hayaniya. Amma in hasken wani mai launi irin naka ya zubo cikin hanyarka, babu matatar da za ta fitar da shi, kuma yana taruwa daga tasha zuwa tasha. Tubali guda mai yoyon dB 20 ko 25 a ƙasa da sigina yana da kyau a ido, sai an jera tara sannan ake gane bai isa ba.

Akwai wata dabara da ta burge ni fiye da sauran. Ƙungiyar Ming Wu a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ce, me zai sa haske ya ratsa tubali da yawa? Suka shimfiɗa magudanai a tsaye da a kwance kamar layukan takardar lissafi, a kowace mahaɗa suka rataya wata 'yar gada ta silikon a sama. In gadar tana sama, haske ya wuce bai san da ita ba. In aka ja ta ƙasa da lantarki, sai ta ɗauke hasken ta sha kwana da shi ta sauke a ɗaya layin. Ko ƙofofin nawa ne, gada ɗaya tak haske zai hau. Sun nuna mai ƙofa 64 a 2016, sannan mai 240 a 2019 a kan cip mai santimita 4 a kowane gefe, yana juyawa a ƙasa da maikrosakan ɗaya. Gadar da ke sama ba ta yoyo kuma ba ta cin wutar kirki. Amma 240 sau 240 gada 57,600 ke nan da za a kai wa wuta mai volt da dama, kuma hanya mafi tsawo tana tsallake ɗaruruwan magittai. Nauyin bai ɓace ba, ya dai koma wata kafaɗa.

Sauran hanyoyin zan ambace su a gurguje. Cip na indiyom fosfayid yana iya ƙara wa haske ƙarfi a cikinsa, ya rama asararsa, ya juya a nanosakan, amma yana ƙara hayaniya da zafi. Silikon naitirayid asararsa kaɗan ce kuma yana jure haske mai ƙarfi, sai dai zafi ba ya motsa shi sosai, hitarsa ta fi cin wuta. Litiyom nayobet mai siririn faifai yana da sauri da tsabta, amma saitinsa yakan gusa da kansa a hankali. Akwai kuma sinadarai masu sauya siffa, irin haɗin antimoni da seleniyom, waɗanda in ka juya su sau ɗaya za su zauna a haka ko an ɗauke wuta. Ga majuyin da ake taɓawa sau ɗaya a wata, wannan abin so ne, in har an tabbatar suna jure juyi da yawa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce rauta tana nan. Aikinta na gaskiya shi ne ta karanta adireshin kowane ƙunshin bayanai, kuma in biyu suka nufi ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, ta ce wa ɗaya ya jira. Jiran nan yana buƙatar ma'ajiya, haske kuwa ba shi da ita. A cikin zare yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan. In kana so ka tsayar da shi na maikrosakan ɗaya, sai ka naɗa masa zare mai mita 200 ya zagaya, kuma lokacin da zai fito ba a hannunka yake ba. Ƙunshi mai bayit 1500 a kan layin gigabit 400 nanosakan 30 yake ɗauka ya wuce. Ko da majuyinka ya kai wannan saurin, wa zai karanta adireshin, kuma ina na biyu zai tsaya? Shi ya sa majuyin haske yake shimfiɗa hanya ta zauna na wani lokaci, rauta kuma ta ci gaba da rabon ƙunshi a bakin hanyar.

Saurin ma, a layukan nesa, yawanci ba a wurin majuyi yake maƙalewa ba. In ka karkatar da launi zuwa sabuwar hanya, na'urar karɓa sai ta sake kama agogo, ta sake koyon yadda sabuwar hanyar ke murɗa sigina. Amfilifayoyin da ke kan hanya kuma, in launuka goma suka ɓace musu farat ɗaya, sai ragowar su yi tsalle, don haka ake shigar da launi da fitar da shi a hankali. Ga kuma manhajar da za ta lissafa ko sabuwar hanyar za ta ɗauki siginar. Tsohuwar ƙa'idar komawa layin ko-ta-kwana milisakan 50 ce. Majuyin nanosakan a irin wannan wuri bai ƙara maka komai ba.

Inda abin ya yi tasiri a fili shi ne cibiyoyin bayanai. A 2022 Google ta bayyana cewa ta maye gurbin babban sahun tsakiya na cibiyoyinta da majuyin haske na kanta mai ƙofa 136, kuma ta ce sauye-sauyen tsarin sun rage mata kuɗin kaya da kashi 30 cikin ɗari, wuta da kashi 41. A na'urarta ta TPU v4 mai horar da ƙirƙirarriyar basira, majuyi 48 ne ke haɗa cip 4096 da aka kasa rukuni-rukuni na 64, ana sake fasalin haɗin gwargwadon aikin da za a yi, a kuma zagaye rukunin da ya lalace. Ka lura da abu ɗaya: madubai suka yi amfani da su, masu juyin milisakan. Suna da kuɗi da masana da za su iya zaɓar komai, suka zaɓi mai ƙarancin asara. Microsoft kuma a aikinta na Sirius a 2020 ta bi wata hanyar, ta bar tsakiya ba ya motsi, leza ce ke canja launi a nanosakan, launin ya zaɓi ƙofa.

Na ce maka cip ya riga ya shiga ROADM. Ka duba ɓangaren saukewa da lodawa na tashar da aka ce kowane launi yana iya fita ta kowace ƙofa zuwa kowace fuska ba tare da karo ba. A da yawa daga cikinsu akwai majuyi mai rarrabawa da aka gina a kan faifan gilashi, fasahar da kamfanin NTT na Japan ya daɗe yana renonta, da tubalan Mach da Zehnder masu hita kamar yadda na kwatanta. Magudanarsa ta fi ta silikon girma, don haka tana jituwa da zare kuma ba ta cika bambanta fuskokin haske ba. Rarraba haske gida 16 kaɗai yana cin dB 12, shi ya sa kake ganin jerin ƙananan amfilifayoyi a gefensa. A irin wannan gurbin nake sa ran silikon zai fara zama da gindinsa: ƙofofi 8 zuwa 32, wurin da ake buƙatar ƙanƙanta da arha da yawa, kamar tashoshin cikin gari, da haɗin eriyoyin wayar hannu, da tsakanin rukunan kwamfutocin da ke horar da ƙirƙirarriyar basira, inda juyin maikrosakan yake da amfani na gaske. Allon LCoS kuwa, da yadda yake yanka zango yadda aka ga dama ya kuma daidaita ƙarfin kowane launi, a ganina zai daɗe a tsakiyar manyan tashoshi.

Amfanin da ni na fi ɗauka da muhimmanci bai shafi sauri ba. Ka san daren da ake tura mutum tasha mai nisa don ya cire zare ɗaya daga wannan rami ya sa a wancan. Ka san yadda lakabi ke gogewa, da yadda hannu ke taɓa na kusa, da shirun da ke biyo baya kafin waya ta fara ƙara. Na taɓa kwana a irin wannan wurin muna neman zaren da takarda ta ce yana rami na kaza alhali an daɗe da matsar da shi. Majuyi mai arha da za a iya sawa a kowace ƙaramar tasha yana mayar da wannan tafiyar umarni ɗaya daga ofis, kuma na'urar da kanta ta san wace ƙofa ke haɗe da wace. Don wannan kaɗai ina fatan masu cip su yi nasara.

Abin da za ka gaya wa na gaba da kai shi ne su sayi abin da aikin yau yake buƙata, amma su tabbatar yana yanka zango da ma'aunin gigahaz 12.5, kuma ana iya ba shi umarni ta buɗaɗɗiyar hanya irin NETCONF da tsarin OpenROADM ko OpenConfig, domin duk majuyin da zai zo gobe ta wannan ƙofar manhaja za ta yi magana da shi. Ranar da dillali ya kawo muku akwati ya ce na cip ne, kada yawan ƙofofi ko nanosakan su ɗauke maka hankali. Ka nemi asara daga zare zuwa zare a hanya mafi muni, ba matsakaiciya ba, a duk faɗin zangon C, da fuskokin haske biyu. Ka nemi yoyo a lokacin da duk ƙofofi ke ɗauke da haske. Ka tambayi ƙarfin hasken da yake jurewa, domin silikon yana fara shan haske da kansa in ƙarfin ya yi yawa, kuma launi 96 a magudana ɗaya ba ƙaramin kaya ba ne. Ka tambayi abin da ke faruwa da hanyoyin da aka buɗe idan wuta ta ɗauke, da kuma ko buɗe sabuwa yana girgiza tsofaffi. In ya amsa, ka roƙi aron akwatin na mako biyu, ka sa shi a ɗakin da zafinsa ke hawa da sauka, ka jona mitarka a ƙofar farko da ta ƙarshe, ka riƙa rubuta lambar safe da yamma.